Katin da Na Bar ma Yaya

Albashina na farko da ya shiga banki jika saba'in da biyar ne, sefa dubu saba'in da biyar ke nan, kuma ban gan shi da idona ba. Lokacin ina malamar kwantaragi a wata lakwal, makarantar boko mai aji uku, a ƙasar Hawandawaki, banki kuwa yana Tasawa. In zan je ɗaukar kuɗina sai in bar yara sittin yini guda ba malami, in biya kabu-kabu zuwa da dawowa, in sha rairayi har cikin kunne. Shi ya sa na ɗauki katin banki na ba Yayana, na gaya mashi kod, lambobin nan huɗu da ake dannawa a injin jikin bango kuɗi su fito. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya girme ni da shekara tara, yana zaune a Tasawa yana dillancin shanu. Ban ga abin tsoro ba.

Mun yi magana tsaf. Duk ƙarshen wata zai cire jika hamsin da biyar. Talatin da biyar ya aiko mani ta hannun direban motar kasuwa, sha biyar ya kai ma Inna a ƙauyenmu kusa da Kanan-Bakashe, biyar ya sa asansi a babur don wahalarshi. Jika ashirin da suka rage ba mai taɓa su. Waɗannan na gonar Inna ne.

Gonar nan Inna ta gada wajen mahaifinta. Shekarar da ciwo ya kwantar da Baba aka jinginar da ita ga wani Alhaji mai sayen hatsi, aka karɓi jika ɗari huɗu, aka kai Baba asibitin Maradi, kuma bai dawo ba. Jingina a wajenmu ba takarda, shaidu ne kawai. Mai kuɗi yana noma gonar har ranar da aka mayar mashi da abinshi, amma sai kafin ruwan shuka. In ya riga ya zuba iri, sai a jira kaka. Mutum uku suka shaida tamu. Ɗaya ya rasu tun ina makarantar horon malamai, kuma ƴaƴan Alhaji sun fara ce mata gonar babansu a bainar jama'a. Kowa ya san ranar da shaidun nan suka ƙare, jingina ta zama sayarwa. Inna in za ta rijiya sai ta yi zagaye don kada ta bi ta gefenta.

Ranar da na buɗe kont, asusuna na banki, Yaya ne ya raka ni. Matar da ke gishe, wato tagar da ake karɓar kuɗi, ta ce tunda ina son tara wani abu, in buɗe biyu: kont kuran inda albashi ke faɗowa kuma kati ke ci, da eparnyi, asusun ajiya, wanda kati ba ya isa gare shi sai mutum ya zo da kanshi ya sa hannu. Ta ƙara da cewa ajiyar tana haihuwar ɗan wani abu a ƙarshen shekara. Yaya ya gyara hula ya ce, "Kuɗin ruwa ke nan fa. Da kuɗin ruwa za ki fanshi gonar mahaifiyarki? Wace albarka za a samu a hatsinta?" Na ji kunya kamar an kama ni da hannu cikin tukunya. Na ce ma matar ta bar ɗaya kawai. Ta dube ni, ta dubi Yaya, ta ci gaba da rubutunta.

Wata ashirin da ɗaya ina lissafi a bayan kaye, littafina na shirya darasi. Atamfa ɗaya na saya ma kaina a duk wannan lokaci. Abokan aikina suna tontin, wato adashi, suna sayen katifa da sabuwar salula, ni ina cin dambun zogale ina cewa likita ne ya hana ni maiƙo. Da hutun bazara ya zo na hau kabu-kabu zuwa Tasawa da katin shaidata, ina ta tsara yadda zan ɗaure jika ɗari huɗu a gefen zane. Ban biya ta gidan Yaya ba, so nake in zo mashi da albishir.

Matar gishe ta danna, ta rubuta a ƴar takarda ta turo mani. Jika sha ɗaya. Na ce ta sake dubawa, wataƙila ta ɗauki lambar wata. Ta ce, "Madam, bari in fitar maki da relebe ki gani da kanki." Relebe ita ce doguwar takardar da ke nuna duk abin da ya shiga da wanda ya fita, da ranarshi. Na koma benci na zauna ina bi da yatsa. Ga hamsin da biyar na ƙarshen wata, daidai. Amma tsakaninsu ga jika goma, ga sha biyar, ga talatin, kusan duk ranar Lahadi, ranar kasuwar Tasawa. Na ga satin da ya canza babur. Na ga ranar sunan ɗanshi da aka yanka rago biyu, har ni na yi guɗa na kai turmin atamfa da na ci bashi na saya. Ashe ni na sayi ragunan ma.

Ban yi kuka ba. Kunnuwana ne suka yi zafi. Da a lokacin Yaya ya shigo, wallahi ban san abin da zan yi mashi da kujerar ƙarfen da ke gefena ba.

Na san yadda za ta kaya in na je na tsaye gabanshi. Za a kira Kawu, a zauna a zaure, a ce mani ƙanwa ba ta yi ma yayanta lissafi, a ce in yi haƙuri, kuɗi ba su kai zumunci ba. In na karɓe kati kuma ni ce marar kunya da boko ya lalata. Shi ya ci, ni za a ba laifi. Na koma gishe na ce, "Waccan ajiyar da kika taɓa gaya mani, ana iya buɗewa yau?" Ta ce ana iyawa. Na tambaye ta batun haihuwar, ta ce ba ta da yawa, kuma akwai masu cirewa su bayar. Na ce zan sayi alli da ita. Sai ta koya mani abin da har gobe nake yi mata addu'a a kanshi. Akwai takardar da ake sa ma hannu sau ɗaya, duk ranar da albashi ya faɗo banki da kanshi zai kwashe abin da mutum ya ce daga kont kuran ya zuba a ajiya, tun kafin kowa ya zo. Na ce jika ashirin. Ta kuma sa lambar salulata, duk motsin kuɗi saƙo ya zo mani.

Katin kuwa na bar mashi. Ko ɗaga murya ban yi ba. Na biya gidanshi da yamma na ci shinkafa da wake, na ɗauki jariri na yi mashi wasa.

Daga wannan wata Yaya yana zuwa ya iske hamsin da biyar cif, ba ƙari. A ƙauyen da nake aiki saƙo ba ya shiga sai an hau tudun bayan lakwal. Duk Lahadi da la'asar nakan hau, in zauna in karanta: an nemi jika goma, babu isasshen kuɗi. An nemi biyar, babu. Ina saukowa daga tudun nan da nishaɗi kamar wadda ta sha fura mai sanyi. Abin da ya fi yi mani daɗi, ba ya iya tambaya. In ya ce ina sauran, ya faɗi cewa yana taɓawa ke nan. Sai dai ya kira ya yi ta kewaye.

"Madam, ya aiki? Ba a dai rage maku albashi ba ko?"

"Ni ina zan sani, Yaya? Kai ke riƙe da kati."

Amma damana ta riga ta wuce mu. Ruwa ya sauka, ƴaƴan Alhaji suka shuka, na zo hutu na iske hatsinsu ya fi ni tsawo a gonar Inna. A cikin hutun nan shaida na biyu ya rasu. Saura ɗaya, wani tsoho da ƙafa ta hana fita, yana kwance a rumfa yana tari. Kuma a hutun nan ne wata maƙwabciya ta shigo aron turmi, na ji Inna tana gaya mata, "Yayan wannan dai Allah ya yi mashi albarka, duk wata jika sha biyar sai ya kawo." Na tsaya da tsintsiya a hannu. Shekara biyu yana miƙa mata kuɗina bai taɓa cewa ga inda suka fito ba. Ban gyara mata ba. Na share tsakar gidan nan har ƙasa ta tashi, na ƙudura a raina cewa rufe mashi hanya bai isa ba, sai ya ji a jikinshi.

Shekara ta zagayo, ajiyata ta kai jika ɗari biyu da sittin, ba ta isa ba. Sai aka ɗauke mu aikin dindindin, aka ce za a biya mu rapel, kuɗin baya da ke taruwa daga ranar da aka sa hannu a takardar mutum zuwa ranar da aka fara biya. Nawa jika ɗari uku da ashirin. Labarin rapel ba ya ɓoyuwa, har mai shayin tasha ya san an kusa. Yaya ya kira ni sau uku a rana ɗaya, muryarshi kamar zuma.

Wani abokin karatuna da ke aiki a ofishin biyan albashi ya riga ya gaya mani Litinin kuɗin za su shiga. Na ce ma Yaya Laraba. Ya ce nawa ne, na faɗi gaskiya. Na san halinshi, ba zai iya jira kuɗi su zo hannu ba, sai ya ci su tun suna hanya.

Na gaya ma daraktan lakwal haƙori ke damuna. Lahadi da yamma na shiga Tasawa na sauka gidan wata ƙawata a bayan asibiti, inda Yaya ba ya bi. Mijinta mahauci ne, shi ya kawo labari ba tare da na tambaya ba. Ya ce yayanki yau ya yi babban ciniki, ya karɓi bijimi hannun wani makiyayi daga Isawan a kan jika ɗari uku, ya ce Laraba zai biya, kuma ya riga ya ɗora shi a motar kudu ya karɓi kuɗi ya toshe wasu ramukan bashi da ake binshi. Dillali ba shi da jari sai bakinshi. Makiyayi yana barin dabba ya tafi don ya yarda da kalmarshi, ranar da kalmar ta faɗi kuwa ba mai sake miƙa mashi ko akuya. Na san haka sarai. Salula tana hannuna, kira ɗaya ya isa in ce Yaya kada ka dogara da kuɗin nan. Na ajiye ta na ci tuwona.

Litinin ina bakin ƙofar banki kafin mai gadi ya buɗe. Na zauna a benci har wajen sha ɗaya, sai matar gishe ta ɗaga kai ta gyaɗa mani. Takardar kwashe jika ashirin ba ta shafi rapel ba, don haka na cike wata da hannuna, daga kont kuran zuwa ajiya, jika ɗari uku da ashirin. Ta ce in bar wani abu ko kaɗan. Na ce abin da ya rage a ciki nawa ne, ta ce jika ɗaya da rabi. Na ce ya isa.

Laraba tun hantsi na zauna a rumfar mai fura da ke kallon bankin, na ja mayafi. Ga su nan. Yaya da farar riga mai aiki a wuya, makiyayin a bayan babur da rawaninshi da sanda, dogo, siriri, ba ya magana. Wasu dillalai biyu suka biyo su, da alama an yi masu alkawarin la'ada. Yaya ya sa kati ya danna. Ya cire, ya goge shi a riga, ya sake sawa. Ya waiwayo yana dariya ya ce injin ne ba rezo, layi ya ɗauke. Wani soja da ke bayanshi ya matsa ya cire nashi kuɗin lafiya lau ya wuce. Yaya ya sa na uku. Na ga gumi ya fito mashi a bayan riga.

Ya shiga ciki, ba a daɗe ba ya fito, don ba a gaya ma mutum abin da ke kont ɗin da ba nashi ba. Ya ciro salula ya kira ni. Ta yi ƙara a cinyata. Na bar ta ta yi sau biyu, sannan na biya kuɗin fura na tsallaka titi.

"Yaya, ina kwana. Lafiya na gan ka nan?"

Ya dube ni, ya dubi katin. Ya jawo ni gefe ya rage murya. "Kuɗin ba su shigo ba."

"Sun shigo tun shekaranjiya. Suna ajiya."

"Wace ajiya?"

"Ta kuɗin ruwan nan da ka hana ni."

Na ciro relebe ta bara daga jaka, na daɗe ina yawo da ita har ta fara yagewa a ninki, na miƙa mashi. Bai karɓa ba. Ya ce, "Don Allah ki rufa mani asiri. Sati ɗaya kawai." Na ce tsohon da ya rage ma Inna ba shi da tabbacin sati ɗaya, kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na miƙa hannu, ya sa mani katin a ciki, a gaban makiyayin da dillalan nan biyu. Ni na yi tsammanin zan ji tausayinshi a wannan lokaci. Ban ji ba. Daɗi na ji, har cikin ƙashina.

Makiyayin ne kawai na ji nauyinshi, don bai ci mani komai ba. Bai yi faɗa ba, ya dai riƙe hannun babur ya ce ba zai koma Isawan ba sai da kuɗinshi. Aka kai magana gaban shugaban dillalai. Kwana biyu aka yi, aka sayar da babur, da salula, da tumakin matar Yaya biyu, aka cika mashi ya tafi. Lahadin da ta biyo Yaya ya shiga kasuwar shanu ya yini tsaye ba wanda ya ba shi igiya.

Ni kuwa Alhamis na cire jika ɗari huɗu na hau motar Mayahi da ke bi ta ƙauyenmu. Juma'a bayan masallaci Kawu ya tsaya mana, aka ɗauko tsohon shaida a amalanke da matashi a bayanshi zuwa ƙofar Maigari. Babban ɗan Alhaji ya fara cewa su dai sun tashi sun iske babansu yana noma gonar. Tsoho ya yi tari ya gama, ya faɗi shekarar, ya faɗi kuɗin, ya faɗi gindin gawon da aka zauna aka ƙirga su. Alhaji da kanshi ya ce ma ɗanshi ya yi shiru, jingina ce. Na ƙirga kuɗin a tabarma ɗaya bayan ɗaya. Na dage sai an rubuta takarda, aka rubuta da sunan Inna, Maigari ya buga hatimi. Kawu ya ce ko a sa nawa tunda ni na biya, na ce a'a, gonarta ce.

Na shiga gida da takardar. Inna tana zaune a bakin ɗaki tana tsince wake. Labarin Tasawa ya riga ni isowa, na gani a fuskarta. Na durƙusa na ajiye takardar a gabanta, na gaya mata komai, daga jika ashirin har zuwa sha biyar da take karɓa duk wata. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ta goge hannu a zane, ta ɗauki takardar ta juya ta, ko da yake ba ta karatu, ta sa mani albarka sosai.

Inna ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba, kunyar ɗan fari. Ba ta zama da shi, ba ta yi mashi dariya, tun muna yara. Ni auta nake kwana a bayanta, ni nake cin ɓawon tuwonta, don haka a raina na daɗe da yanke cewa ni ce tata.

Ta ce, "Yanzu gonar tawa ce?"

Na ce, "Taki ce, Inna. Ga hatimin Maigari."

Ta ce, "To. Wancan ba shi da sana'a yanzu, ga iyali. Ki aika mashi ya taho kafin ruwa ya sauka. Shi zai noma ta."

Na ce, "Inna, kin ji abin da ya yi mani?"

Ta ce, "Na ji. Ke kina da albashi." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ni na aika saƙon ta lambar maƙwabcinshi, tunda ni ke da salula. Kwana tara bayan haka ruwan shuka ya sauka, Yaya ya zuba iri a gonar da na fansa. Damana huɗu ke nan yana noma ta, kuma tana ba shi, don ƙasa ce mai kyau. Duk kaka yakan sa a kawo mani dami biyar har lakwal. Nakan sa a sauke a ƙofar aji, in kira uwayen yara su raba. Ban taɓa cin tuwon hatsinta ba, kuma a gidanmu ba wanda ya taɓa tambayata dalili.